Gayyatar Buɗe Baki da Sallar Masallaci a Watan Azumi: Tambayoyi da Amsoshi

Da an ga wata sai waya ta fara ƙara. Wannan ya ce ku zo mu sha ruwa ranar Talata, wancan ya ce ranar Juma'a a gidansa za a haɗu, abokan aiki kuma sun tsayar da tasu ranar. Masallaci shi ma yana nan yana jira, ga magariba, ga isha'i, ga asham, in an shiga goman ƙarshe ga tahajjud. Daren kuwa ɗaya ne, ba ya miƙuwa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan tsaka mai wuya.

Wajibi ne in amsa duk gayyatar buɗe baki da aka yi mini?

A'a. Amsa gayyata tana cikin haƙƙoƙi shida da Musulmi yake da su a kan ɗan uwansa, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira. Sai dai mafi yawan malamai sun bambanta walimar aure da sauran gayyata. Walimar aure wajibi ce a kan wanda aka kira da sunansa, in ba shi da uzuri kuma babu saɓo a wurin. Sauran gayyata, har da ta shan ruwa, mustahabbi ce: in ka je ka sami lada, in ka ba da uzuri ba ka da laifi.

Kada dai wannan ya zama mafaka. Wanda ya gayyace ka ba yunwarka yake tausaya wa ba, lada yake nema da kai. Tirmizi ya ruwaito daga Zaidu ɗan Khalid cewa wanda ya ciyar da mai azumi yana da kwatankwacin ladansa, ba tare da an rage wa mai azumin komai ba. Duk lokacin da ka ƙi zuwa, wata ƙofa ce ka rufe wa ɗan uwanka. Mutumin da zai ƙare kwana 29 ko 30 bai taka gidan kowa ba, wai shi ibada ta sha masa kai, ya sake duba lissafinsa. Zumunta a ƙafa take, ita ma kuma ibada ce.

An kira magariba, abinci yana gabanmu. Mu ci tukun ko mu tafi masallaci?

A nan aka fi samun gardama, domin kowane ɓangare yana da hadisi a hannu. Masu cewa a ci suna kawo hadisin Anas da ke Bukhari da Muslim, cewa idan an ajiye abincin dare kuma aka ta da salla, a fara da abincin. Suna ƙarawa da na Nana A'isha, cewa babu salla a gaban abinci. Har ma Bukhari ya kawo cewa Abdullahi ɗan Umar ana ajiye masa abinci, a ta da salla, yana jin karatun liman, amma ba ya tashi sai ya gama.

Masu cewa a tashi kuwa suna kawo abin da Anas ɗin dai ya faɗa game da yadda Annabi (SAW) yake buɗe baki: kafin ya yi salla yakan ci 'yan ɗanyun dabino, in babu sai busasshe, in babu sai ya kurɓi ruwa. Ke nan abu kaɗan, sannan salla.

Babu karo tsakaninsu. Dalilin da ya sa aka ce a fara da abinci shi ne kada mutum ya tsaya gaban Ubangijinsa zuciyarsa tana kan faranti. Wanda yunwa ta galabaita har ba zai san raka'a nawa ya yi ba, ya ci abin da zai kwantar masa da rai. Wanda dabino uku da kofin ruwa suka ishe shi ya natsu, ba shi da hujjar zama. Kuma a tuna, abincin da Ibn Umar yake gamawa kafin ya tashi ba irin shimfiɗar zamanin nan ba ne mai kwanuka goma, wadda kafin a zagaya ta duhu ya rufa.

Lokacin magariba gajere ne. Mafi yawan malamai suna ganin yana kaiwa har ɓacewar jan shafaƙi. Mashhurin zance a mazhabar Malikiyya ya fi haka ƙunci: zaɓaɓɓen lokacinta gwargwadon abin da za a yi tsarki a sallace ta ne bayan faɗuwar rana. Ko wanne ka bi, ba salla ba ce da ake cewa "bari mu gama tukun". Abin da ya fi tsari shi ne a taɓa abu mara nauyi, a yi salla, a dawo a zauna a ci a tsanake. Abincin ma ya fi daɗi a haka.

Gidan da aka gayyace mu yana nesa da masallaci. Za mu iya yin jam'i a gidan?

Za ku iya, kuma sallarku ta inganta. Hukuncin jam'i kansa malamai sun saɓa: Hambaliyya suna ganin wajibi ne a kan kowane namiji, Shafi'iyya sun ce farilla ce ta kifaya, wato in wasu sun yi ta sauka daga kan sauran, Malikiyya da Hanafiyya sun ce sunna ce mai ƙarfi. Falalar daraja 27 da ta zo a hadisin Ibn Umar ana samunta da mutum biyu zuwa sama, ko da yake ladan takawa zuwa masallaci da zaman jiran salla wani abu ne daban da ba a samu a falo.

Salla a gidan mai gayyata ba baƙon abu ba ne. Kakar Anas, Mulaika, ta taɓa kiran Annabi (SAW) cin abincin da ta dafa. Da ya ci sai ya ce su tashi ya yi musu salla. Anas ya ɗauko wata tabarma da ta yi baƙi saboda daɗewa, ya yayyafa mata ruwa. Shi da wani maraya suka yi sahu, tsohuwar tana bayansu, aka yi raka'a biyu. Wannan nafila ce, amma ta nuna cewa gidan da aka ci abinci yana iya zama wurin sahu.

Shawarata ita ce a bambanta. In kuna jin kiran salla kuma tafiyar minti biyar ce, ku fita. In sai an shiga mota, a yi magariba a gida cikin jam'i, a tanadi ƙarfin fita domin isha'i. Abin da ba shi da gurbi ko kaɗan shi ne a haɗa magariba da isha'i saboda liyafa. Tafiya da ruwan sama da rashin lafiya uzuri ne, cin abinci da hira ba sa ciki.

Idan na amsa gayyata asham za ta wuce ni. Na yi zunubi?

Ba ka yi ba. Asham sunna ce, ba farilla ba. Annabi (SAW) ya sallace ta da mutane a masallaci 'yan darare, da jama'a suka yi yawa sai ya ƙi fitowa, da safe ya gaya musu cewa tsoro ya ji kada a farlanta musu. Haka aka ci gaba, kowa yana yin tasa, har zamanin Umar ɗan Khaɗɗab, wanda ya tara mutane bayan Ubayyu ɗan Ka'ab. A daren da ya fito ya gan su bayan liman ɗaya ma, sai ya ce wadda suke barci su bari ta fi wadda suke yi, yana nufin ta ƙarshen dare.

Wannan maganar ta Umar tana warware matsalar mutane da yawa. Lokacin asham yana farawa bayan isha'i, yana tafiya har ketowar alfijir. Wanda ya dawo daga gayyata ƙarfe goma na dare bai rasa ta ba. Ya yi alwala ya sallaci abin da ya sawwaƙa, shi kaɗai ko da iyalinsa. Malikiyya ma sun so a yi ta a gida, kamar yadda Mukhtasar na Khalil ya faɗa, da sharaɗin kada masallatai su zama kango, kuma mutum ya san zai iya tsayawa shi kaɗai ba kasala.

Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne inda gizo ke saƙar. Da yawanmu mun sani sarai cewa in muka shiga gida da cikakken ciki, "zan yi a gida" tana nufin sai gobe. Kuma akwai abin da ake rasawa: hadisin Abu Zarr da ke cewa wanda ya tsaya da liman har ya gama, za a rubuta masa tsayuwar dare guda. Ga kuma sauka. Masallacin da yake karanta izu biyu kowane dare don a sauke izu 60 cikin wata, dare ɗaya in ka rasa, ka rasa juzu'i guda. Ana iya karanta shi da rana a cike gurbin, amma sau biyar ko shida in aka yi haka, sauka ta zama tsumma.

Abin mamaki shi ne yadda muke juya ma'auni. Za ka ga mutum yana sauri kada asham ta wuce shi, alhali isha'i ta jam'i ta riga ta wuce bai damu ba, asuba kuma sai rana ta fito. Muslim ya ruwaito daga Usman ɗan Affan cewa wanda ya yi isha'i cikin jam'i kamar ya tsaya rabin dare ne, wanda ya yi asuba cikin jam'i kamar ya sallaci daren duka. In dole sai ɗaya ta faɗi, to asham ce za ta koma gida, isha'i da asuba su zauna a masallaci.

Ina jin kunyar tashi ana tsakar hira. Yaya zan yi ban ɓata wa mai gida rai ba?

Tun ran gini ran zane. Kada ka bari sai an kira isha'i sannan ka fara mutsu-mutsu kana duba agogo kana neman takalmi da ido. Lokacin da aka gayyace ka za ka faɗa: "In sha Allahu ina nan zuwa, Yaya, amma zan tashi kafin isha'i don ina bin sauka." In babba ne: "Baba, a yi mini afuwa, da an ci abinci zan wuce masallaci." Da wuya ka sami Musulmin da zai ji haushin wannan a watan azumi. Abin da ke ɓata rai shi ne a ga ka zabura ba sanarwa, kamar an kore ka.

Sannan ka zo da wuri. Wanda ya iso minti talatin kafin magariba ya gaisa da kowa, ya tambayi lafiyar yara, ya taya shimfiɗa, ya riga ya biya bashin hira. Tashinsa da wuri ba zai yi zafi ba.

Watsewa bayan cin abinci ma ladabi ne na Alƙur'ani. A walimar auren Annabi (SAW) da Nana Zainab 'yar Jahsh, wasu sun ci sun ƙoshi suka zauna suna ta hira, shi kuma kunya ta hana shi ce musu su tashi. Sai aya ta 53 ta Suratul Ahzab ta sauka tana cewa in an kira ku ku shiga, in kun ci ku watse, ban da zaman hira. Mai gidan da kake jin kunyarsa wataƙila shi ma so yake ya tafi masallaci, kunyarka ce ta zaunar da shi. Ka yi masa addu'ar da Annabi (SAW) ya yi a gidan Sa'adu ɗan Ubada, cewa masu azumi su yi buɗe baki a wurinku, mutanen kirki su ci abincinku, mala'iku su yi muku salati, sannan ka miƙe. Sau da yawa za ka waiga ka ga mutum uku sun biyo ka.

Na iso masallaci an idar da isha'i, an shiga asham. Me zan yi?

Isha'i ce farko, domin asham ba ta shiga sai bayanta. Shafi'iyya sun yarda ka bi liman da niyyar isha'i, in ya sallame bayan raka'a biyu ka tashi ka ciko biyu. Hujjarsu Mu'azu ɗan Jabal, wanda yake yin isha'i bayan Annabi (SAW) sannan ya koma ya limanci mutanensa. Malikiyya da Hanafiyya ba su yarda mai farilla ya bi mai nafila ba. A wurinsu sai ka koma gefe ka yi isha'inka, sannan ka shiga sahu. Ka bi abin da ka karanta a wurin malamanka, kada kuma ka ja wanda ya yi ɗayan da musu a bakin masallaci.

Mun yi asham har da wutiri a gidan da muka sha ruwa, kuma ina son in je tahajjud.

Ka je, sai dai kada ka maimaita wutiri. Wannan ya taɓa faruwa da sahabi Ɗalƙu ɗan Ali. Ɗansa Ƙaisu ya ba da labarin cewa mahaifin nasa ya ziyarce su wata rana a Ramadan, ya sha ruwa a wurinsu, ya yi musu sallar dare har da wutiri, sannan ya gangara masallacinsa ya limanci mutanensa. Da aka zo wutiri sai ya tura wani gaba, ya ce ya ji Annabi (SAW) yana cewa babu wutiri biyu a dare ɗaya. Abu Dawud ne ya ruwaito. A dare guda ya yi ziyara, ya ci abincin 'ya'yansa, bai kuma bar masallacinsa ba liman ba.

Mutum biyu sun gayyace ni rana ɗaya.

Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya riga shi ne da haƙƙi, alkawari kuma kaya ne. In tare suka zo, malamai suna gabatar da wanda ya fi kusancin jini, sannan maƙwabcin da ƙofarsa ta fi kusa. Masu raba ƙafa, su buɗe baki nan su ci abinci can, galibi a hanya magariba take tafiya, isha'i kuma ta same su a gida na biyu.

Iyayena da surukaina suna son mu riƙa zuwa kusan kullum.

Iyaye ba a sa su a layi ɗaya da abokai. Biyayya gare su farilla ce, asham a wani masallaci na musamman nafila ce. In mahaifiyarka tana son ganinka a gabanta lokacin shan ruwa, ka je, ka yi sallolinka a masallacin da ke kusa da ita, ko da muryar limaminsu ba ta kai ta wanda ka saba ba. Yawancin masu wannan tambaya in aka bi diddigi ba salla ce za ta wuce su ba, ƙira'ar wani alaramma ce suke ƙwaɗayi. Ba laifi ba ne son kyakkyawan karatu, amma bai kai hawayen uwa ba.

Surukai kuwa a zauna da mai ɗaki ko maigida tun cikin Sha'aban a raba kwanaki, a kuma fi ba su kwana ashirin na farko. In kowane gida ya san ranarsa, ƙorafi yana raguwa.

Mu mata fa? Mu ke girki, mu ke wanke-wanke, maza su tafi masallaci.

Wannan kuka ne na gaskiya. Gidan da ake tara baƙi dare bayan dare, akwai wadda take tsaye tun azahar, ta sha ruwa a tsaye da ludayi a hannu, ta yi magariba a makare, lokacin da maza suke dawowa daga asham ita kuma ta sunkuya kan tulin kwanuka. Ladan ciyarwa tana da shi, babu shakka. Amma ba a yi watan don wasu su yi ibada wasu su yi bauta ba. Jam'i bai wajaba a kan mace ba, sallarta a ɗakinta ta fi mata, sai dai Annabi (SAW) ya hana a hana mata zuwa masallaci in sun nema. Maigidan da ke son yawan baƙi ya tambayi matarsa kafin ya gayyata, ya rage yawan kwanukan, ya kuma naɗe hannun riga. An tambayi Nana A'isha abin da Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita.

Ni ne mai gayyata. Me zan yi don kada in zama sanadin rasa sallar baƙina?

Ka faɗi tsarin tun a saƙon gayyata: za a buɗe baki, a yi magariba, a ci abinci, a tashi kafin isha'i. Ka tanadi wurin alwala da shimfiɗa, ka san wanda zai ja salla. Abinci ya zama a shirye kafin a kira, domin jinkirin minti ashirin a kicin shi ke cinye isha'in mutum goma sha biyar. Tazarar da ke tsakanin sallolin biyu ba ta da yawa. A Makka ma, inda jadawalin Ummul Ƙura yake sa minti 90 tsakanin magariba da isha'i, a Ramadan ana mayar da shi minti 120 don mutane su sami sararin ci. Idan lokaci ya yi, kai za ka fara miƙewa, domin baƙo ba ya son ya riga mai gida.

A rage ɗanyar albasa da tafarnuwa, tunda an hana wanda ya ci su kusantar masallaci. Kuma a daina "ƙara mana, ai ba ka ci komai ba" har sai mutum ya kasa ruku'u. A cikin jerin waɗanda za ka kira kuma, ka tuna da hadisin da ya kira walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta mafi sharrin abinci.

A wurin aiki an shirya liyafa, masu shiryawar ba Musulmi ba ne.

In babu abin da shari'a ta hana a teburin, ka je. Ka gaya musu lokacin faɗuwar rana, ka ce za ka fita minti goma. An sanya wa wannan al'umma ƙasa duka ta zama masallaci, kowane lungu mai tsarki ya isa. In liyafar rana ce, ka ce kana azumi, ka gaisa, ka yi musu fatan alheri.

Goman ƙarshe fa?

A nan ma'aunin yana sauyawa. Nana A'isha ta ce idan goman ƙarshe ta shiga, Annabi (SAW) yakan ɗaure gwabso, ya raya darensa, ya tashi iyalinsa. Daren Lailatul Ƙadri, wanda ya fi wata dubu, yana cikinsu, an fi kuma sa rai a dararen mara: 21, 23, 25, 27 da 29. A waɗannan kwanaki ba da uzuri ba abin kunya ba ne, mai hankali ma ba ya shirya babbar liyafa a cikinsu. Duk wanda kake son ka ciyar ko ka ziyarta, ka gama da shi kafin daren 21.

Mai i'itikafi ba ya fita amsa gayyata. Ba ya ma fita gaida mara lafiya ko rakiyar gawa, sai buƙatar da ba makawa. Amma ana iya zuwa wurinsa. Nana Safiyya ta ziyarci Annabi (SAW) yana i'itikafi, suka yi magana na ɗan lokaci, da ta tashi ya taka mata. Wanda ke son ladan ciyar da mai i'itikafi sai ya kai masa kwanon har masallaci.

An gayyace ni sahur. Akwai wannan a sunna?

Akwai. Irbadu ɗan Sariya ya ce Annabi (SAW) ya kira shi sahur a Ramadan, ya ce masa ya zo ga abinci mai albarka. Zaidu ɗan Sabit ma ya yi sahur tare da shi, da aka tambaye shi tazarar da ke tsakanin cin da salla, ya ce gwargwadon karatun aya 50. In za ku yi, ku yi shi haka, dab da alfijir, daga kan tabarma ku wuce sahun asuba tare. Wanda ake farawa tun ƙarfe ɗaya na dare da hira da dariya, a ci a kwanta ƙarfe uku, ladan yana kira kowa yana minshari.